Kafin a kunna kyamara

Tun bara wata sabuwar magana ta shigo cikin cinikinmu. Da, in na faɗa wa mutum kuɗin haɗa masa bidiyon talla, abin da zai ce bai wuce "Haba Malam, a duba dai" ba. Yanzu kuwa sai ya gyara zama ya ce, "Wai ba AI ne yake yi muku aikin ba yanzu? To kuɗin mene ne haka?" Har dattawan Kantin Kwari, waɗanda yaransu ne ke buɗe musu WhatsApp, sun iya wannan tambayar. Ba na jin haushinta, don salon tayi ne, kuma ɗan kasuwa da duk abin da ya samu yake neman ragi. Sai dai amsarta doguwa ce, ba irin wadda ake bayarwa a tsaye a bakin shago ana turereniya da 'yan dako ba.

Sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi. Da bidiyon biki na fara kamar yawancin sa'o'ina, daga kamu har kai amarya, sannan na koma zaman ɗakin tace hoto a wajen Titin Gidan Zoo, inda masu fim suka yi sansani. Yau abin da ke ciyar da ni tallar 'yan kasuwa ce: mai shadda, mai takalmi, mai gidan abinci, mai makarantar kuɗi, matan da ke sana'a a cikin gida. Yawancin aikin ba ya wuce daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, kuma a waya ake kallonsa, a TikTok ko Instagram ko sitatus.

Abin nan da ake kira AI, wato ƙirƙirarriyar basira, ba wasa ba ne, wanda duk ya ce wasa ne bai gwada ba. Da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 masu kyamara ba su damu ba, tunda harkar rubutu ce. A Fabrairun 2024 kamfanin OpenAI ya nuna Sora, wanda za ka rubuta masa jimla ya ba ka hoto mai motsi. Zuwa Mayun 2025 Google ya fito da Veo 3, shi har da sauti da maganar mutane yake haɗowa. Ni ma ina amfani da irin waɗannan manhajoji kusan kullum. Su ke cire min ƙarar janareto daga muryar mai magana, aikin da a da yake cinye min dare. Su ke yi min rubutun ƙasan hoto da Turanci, ko da Faransanci in mai kayan yana da kwastomomi a Maraɗi ko Yamai, sai in ba wanda ya iya ya duba. In wayar wuta ta gitta a bayan hoto, cikin minti biyu na share ta. Ba ni da rigima da inji a kan wannan ko kaɗan.

Inda muke rabuwa da shi, bari in ba da misali da aikin wani Alhaji mai shadda a Kwari.

Ɗansa ne ya kira ni, kuma ya riga ya gama tsara abin da yake so: a ɗauko kasuwar daga sama da ɗan jirgin nan mai kyamara, a shigo shago, a bi kantoci a hankali, a sa kiɗa, a sa murya mai kauri ta karanto sunayen kaya da lambar waya. Na ce masa to, amma a bar ni in zo in zauna tukuna, ba tare da kyamara ba. Haka nake yi wa kowa. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne, wasu ma suna zaton shayi na zo sha.

Abu na farko da na lura da shi, Alhaji ba da ido yake duba shadda ba. In an sauko da bandir, sai ya kama gefensa ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ɗan karkato da kai yana sauraren ƙarar da take yi, wani lokacin ya kai ta hanci. Bai san yana yi ba. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce ai kowa haka yake yi. Ba kowa ba ne. Yaran shagon tambarin da ke bakin yadin suke karantawa.

Wajen bayan Azahar wani saurayi ya shigo da yayarsa, haɗa lefe suke. Idonsa ya tsaya a kan wata gezna, ya taya, aka faɗa masa kuɗi, ya yi shiru yana lissafi a waya. Yayar ta ce, "Ɗauka mana, ai sau ɗaya ake yi." Alhaji ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Yaro, me kake yi?" Ya ce koyarwa. Alhaji ya mai da geznar kan kanta da hannunsa, ya jawo wata shaddar da ba ta kai rabin kuɗin waccan ba, ya ce, "Wannan za ka ɗauka. Ba wanda zai raina ta a cikin akwati. Ragowar ka riƙe, bayan biki akwai cefane." Suka yi ciniki, ya sallama, suka tafi. Ɗan Alhaji ya kalle ni yana girgiza kai, wai ka ga halin Baba, kullum sai ya kori riba.

Ni kuwa a nan na samu tallata. Shaguna nawa ne a Kwari masu kantoci cike da shadda? Ba su ƙirguwa, kuma daga sama duk rufinsu ɗaya. Amma mai shagon da zai hana ka sayen mai tsada don ya ji kai malamin makaranta ne, wannan ba a kowane layi ake samunsa ba. Kuma ba abu ne da ɗansa zai iya rubuta wa inji ba, don shi a wurinsa aibi ne, ba abin talla ba. Shi kansa Alhajin in ka ce ya faɗi abin da ya bambanta shi da maƙwabtansa, cewa zai yi kaya masu kyau da farashi mai sauƙi, kamar yadda kowa zai ce. Inji abin da aka faɗa masa yake sarrafawa. Wannan kuwa ba wanda zai faɗa, sai an zauna an gani.

Sauran aikin ma duk shawara ce irin ta mutum. Ba zan nemo wancan saurayin in sa fuskarsa ba, don tona asirin aljihunsa ne, kuma dangin amarya suna da waya. Sai muka sa wani yaro daga shagon maƙwabta ya fito a matsayin mai sayen. Alhaji ya ƙi da farko, ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Na ce, "Alhaji, ba abin da za ka haddace. Yaron nan zai taya, kai kuma ka yi abin da ka saba." Muka zo da sassafe kafin layin ya cika, na maƙala masa ƙaramin makirfo a cikin wuyan riga inda ba zai gan shi ba, na kashe babbar fitilar da na zo da ita don na ga tana sa shi ƙifta ido yana gyara hula. Hasken bakin ƙofa ya wadatar.

A wajen tacewa ne abin da ya fi ba ni sha'awa ya faru. Manhajojin yanzu suna da wani maɓalli da ke bin bidiyo ya yanke duk inda aka yi shiru, don kada mai kallo ya gaji ya wuce. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya danna shi, kamar yadda ake yi wa kowane bidiyon TikTok, ya kawo min. Komai na nan, magana ba ta ɓata ba, amma tallar ta mutu. Abin da ya yanke shi ne daƙiƙa biyu ko uku ɗin nan da Alhaji ya tsaya yana duban yaron kafin ya ce "me kake yi?" A cikin wannan shirun ne mai kallo yake gane cewa dattijon nan auna mutum yake yi, ba aljihu ba. In babu shi, sai abin ya zama ɗan kasuwa ne kawai yake tura wa kwastoma wani kayan. Na ce ya mai da shi. Ya ce, "Oga, ai sun ce in ba a kama mutum a daƙiƙa ukun farko ba ya tafi." Na ce gaskiya ne, shi ya sa za mu buɗe da yatsun Alhaji suna murza shadda da ƙararta, ba kiɗa. Wanda wannan ya tsayar zai jira shirun.

Tallar ta fita, ba ta zaga duniya ba, kuma ba don haka aka yi ta ba. Abin da ɗan Alhaji ya faɗa min daga baya shi ne, masu haɗa lefe suna shigowa suna tambayar "dattijon nan na bidiyo", wasu ma tun daga bakin ƙofa suke faɗin sana'arsu.

Aikin wata Hajiya mai turaren wuta da humra ya zo da tasa matsalar. Ba za a ga fuskarta ba, wannan sharaɗin maigidanta ne kuma ita ma ra'ayinta ke nan. Sannan abin da take sayarwa ƙamshi ne, kyamara kuwa ba ta da hanci. Da ƙanwata na je gidan, ita ta shiga ciki da waya ta fara ɗauko min yadda wurin yake kafin a ba ni izinin shiga tsakar gida. Muka rataya baƙin yadi, muka sa haske daga baya don hayaƙin ya fito sosai, muka ɗauki hannunta da lalle tana zuba turare a kasko, da mayafi an baza a kan kabbasa yana shan hayaƙi. Magana kuwa na ce ta bar zancen "ingantacce" da "na musamman", ta ba mu labarin wanda ya koya mata. Sai ta shiga zancen kakarta ta wajen uwa, mutuniyar Maiduguri, wadda ba ta yarda a haɗa turare da gaggawa, sai ya kwana ya jiƙu. Muryarta ta canza da ta zo nan. Wannan muryar muka sa, da ɗan tuntuɓen harshen da ta yi a tsakiya. Inji zai iya ba ni hayaƙin da ya fi nawa kyau, na yarda. Sanin inda kyamara za ta tsaya a gidan matar aure, da abin da za a tambaye ta har ta saki jiki ba tare da an wuce gona da iri ba, wannan tarbiyyar gari ce.

Akwai kuma abin da kowa yake faɗa, cewa injin bai san mu ba. Gaskiya ne. Na sa shi ya zana min kasuwa a Kano, ya ba ni mutane da dogayen riguna irin na Larabawan Dubai, da wata hula da ba zanna ba, ba damanga ba, ba a taɓa karinta a garin nan ba, allunan shaguna kuma da wasu haruffa da ba boko ba, ba ajami ba. In ya karanta Hausa, kalmomin daidai ne amma karin na baƙo ne. Dalilin a fili yake: daga abin da ke intanet ya koya, hotunanmu da muryoyinmu kuwa kaɗan ne a can in aka kwatanta da na Amurka ko Indiya. Amma ban jingina hujjata a kan wannan ba, kuma ina ba abokan sana'a shawara su ma kada su jingina. Za a gyara. Hular za ta daidaita, karin zai zauna, wataƙila da wuri fiye da yadda muke so. Wanda duk abin da ya riƙe shi ne "ai bai iya hularmu ba", ranar da ya iya fa?

Can ƙasashen da abin ya fito ma ba a gama wannan gardamar ba. A 2023 marubutan finafinan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa kuma na kwana 118, kuma batun ƙirƙirarriyar basira yana cikin manyan abubuwan da suka tsaya a kai. A ƙarshen 2024 Coca-Cola ya sake yin tsohuwar tallarsa ta Kirsimeti, mai jerin jajayen motoci, da inji, mutane suka yi ta sukar cewa ba ta da rai. Kamfanin bai fasa ba, ya sake yin wata a 2025, wanda ke nuna cewa masu kuɗi sun yi lissafinsu. A Mayun 2024 kuma Apple ya fitar da tallar iPad inda wani ƙaton inji yake murƙushe kayan kiɗa da fenti da kyamarori, aka yi ca a kansu har suka ba da haƙuri. Wannan ba inji ne ya yi ta ba, ƙwararrun mutane ne, kuma shi ya sa nake kawo ta: kasancewa mutum kawai ba ya sa ka san zuciyar mutane. A nan gida kuwa, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallar da ake yi wa 'yan Najeriya tun daga 1 ga Oktoban 2022, don a kare aikin 'yan gida. Ina yawan tunanin fuskar da inji ya ƙera, wadda ba ta da ƙasa ba ta da fasfo, ita a wane layi za ta tsaya.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba inji ne ya fara cire rai daga tallar garin nan ba. Kunna rediyo ko ka bi sitatus na minti goma, ka ƙirga sau nawa za ka ji "ina masu neman kaza, to nesa ta zo kusa", da "sayen na gari mai da kuɗi gida", da "kada ku bari a ba ku labari", a rufe da "sai kun zo". Mai gidan burodi da mai sayar da fili da mai maganin basir, rubutu ɗaya, murya ɗaya, sunan kawai ake canzawa. A bidiyo ma haka: hoton sama, tafiyar hawainiya a gaban kanta, yarinya ta juyo ta yi murmushi, tambari ya faɗo da ƙara. Wanda aikinsa ke nan, to lallai yana da dalilin fargaba, don abin da yake yi maimaici ne, kuma ba wanda ya kai inji iya maimaici, ga shi ba ya neman kuɗin mai.

Abin yana ba ni takaici ne saboda garin nan ba baƙon talla ba ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, sama da shekara 500, kuma ba a taɓa sayar da kaya a cikinta da baki a rufe ba. 'Yar talla tana da waƙar kayanta, da jin muryarta daga nesa ka san ko mai gyaɗa ce ko mai dafaffen rogo. Mai magani da lasifika a kan mota zai tara mutum hamsin a bakin tasha da labari kawai, ko ka yarda da maganinsa ko ba ka yarda ba sai ka tsaya ka ji ƙarshe. Dillaliya tana shiga gida da ƙullin kaya, ta san wa za ta fara gaisarwa, ta san wacce za ta nuna wa a gaban kishiya da wacce za ta ja gefe. Da Freedom Radio ta buɗe a 2003, an yi tallace-tallacen barkwanci waɗanda yara suke haddacewa suna yi a hanyar makaranta. Masana'antar fim ɗinmu tun 1990 take koya wa samarin garin nan riƙe kyamara. Duk wannan gadon muna da shi, sannan mu koma kwafar salon tallar wasu, mu kwafi junanmu a kai.

Masu ɗinkin riga sun riga mu shiga wannan halin. Da injin aiki na kwamfuta ya shigo, kowa ya samu riga mai aiki a kuɗi kaɗan, kuma hakan alheri ne. Mai aikin hannu na gaske bai rasa kasuwa ba, har yau mai hali in zai yi babbar riga ta fita kunya shi yake nema, ya kuma jira shi. Wanda ya sha wuya shi ne na tsakiya, wanda aikinsa bai fi na inji kyau ba kuma bai kai shi sauri ba.

Wani ɓangaren da ba a cika magana a kai ba shi ne amana. Kwari ba Kanawa kaɗai take sayar wa ba, daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa, yanzu kuma da yawa ba sa zuwa ma, a waya suke gani su turo kuɗi a kai musu kaya tasha. Duk cinikin a kan hoto ya rataya. Manhajar da ke ƙara wa atamfa haske da sheƙi da dannawa ɗaya, ko ta ɗora ta a jikin wata mace da ba a taɓa haifa ba, tana iya sa mai saye ya buɗe ƙunshi a Zinder ya ga abin da ba shi ya zaɓa ba. Ni in ina gyara launi, yankin yadin nake ajiyewa a gefen kwamfuta, in fita da shi rana in dawo, har sai abin da ke kan gilashi ya yi daidai da abin da ke hannuna, ko da hakan ya rage masa kyau. Masu kaya ba sa son wannan, sai na tuna musu hadisin mai abincin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, aka ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Inji ba ya jin nauyin kowa. In kaya suka dawo, ba shi za a kira maha'inci a layi ba.

Ba kuma cewa nake kowa sai ya ɗauki mai kyamara ba. Yarinyar da ke yin cincin da alkaki a gida, ribarta ta mako ba ta kai kuɗin hayar fitila ɗaya ba, ta ɗauki wayarta ta buɗe CapCut ta haɗa abinta, Allah ya sa albarka. Irin wannan aikin, da katin gayyata mai motsi, da jera hotunan kaya da kiɗa, ya riga ya bar hannunmu, kuma na ji a aljihuna, musamman tun da kuɗin kayan aiki ya tashi bayan faɗuwar naira a 2023. Yaran da ke zuwa koyon aiki wurina yanzu da yawansu sun fi ni saurin hannu a manhaja. Abin da nake sa su shi ne su bar wayar a ofis, su je Kofar Wambai ko Singa su zauna a shagon wani, su dawo su faɗa min abu ɗaya da mai shagon yake yi wanda maƙwabcinsa ba ya yi. Yawancinsu karon farko da jerin kaya da farashi suke dawowa, sai in sake tura su.

Wannan zaman shi ne abin da nake caji, kuma shi ya sa ba na karɓar aikin gaggawa. Kowace shekara masu shadda da takalma da huluna sai goman ƙarshe na azumi suke tunawa da tallar Sallah, su kira ka bayan Tarawi suna so gobe. A lokacin shago ya cika maƙil, mai shagon ba shi da sararin amsa sallama balle hira, ni ma ba inda zan ajiye ƙafar kyamara. Mai son aiki irin na Alhaji ya neme ni tun Sha'aban. Wanda ya zo a goman ƙarshe, zan zaunar da yaronsa in nuna masa manhajar da zai haɗa hotunan kayan da kansa, ba sai ya biya ni ko sisi ba.